Me Ya Sa span Ya Ƙi Karɓar Faɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon HTML da CSS. Na ba alamar span faɗin 200px, ko gezau bai yi ba, amma da na ba div nan take ya karɓa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ka yi kuskure ba, halin span ke nan. Burauza na jera alamomin shafi ta manyan hanyoyi biyu. Alamun block, irin su div, p, h1 da ul, kowanne sabon layi yake buɗewa ya mamaye faɗin wurin gaba ɗaya, kamar fasinjan da ya biya kuɗin kujerun layi guda shi kaɗai. Su kuwa na inline, irin su span, a, strong da em, cikin jimla suke zama, girmansu daidai da rubutun da ke cikinsu. Shi ya sa width da height, wato faɗi da tsayi, ba sa tasiri a kansu, haka ma margin, wato tazarar wajen alama, na sama da na ƙasa. Padding, wato tazarar cikin alama, na sama zai bayyana, amma ba zai ture layin da ke bisansa ba, sai dai ya hau kansa.

Maganin matsalarka layi ɗaya ne na CSS da za ka ba span: display: inline-block. Span zai ci gaba da zama cikin jimla, kuma zai karɓi faɗin da ka ba shi. Hoto, wato img, shi ne ɗan lelen gidan, inline ne amma yana karɓar faɗi da tsayi tun asali.

Ban ba ka shawarar haddace jerin sunaye ba. Danna alamar da maɓallin dama na linzami, zaɓi Inspect, ka duba display a ƙarƙashin Computed. A Chrome da Firefox duk akwai.

Ga inda masu koyo da yawa ke tuntuɓe: display kamanni kawai yake sauyawa, bai taɓa dokar wace alama ce ke shiga cikin wace ba. In ka cusa div cikin p, wato alamar sakin layi, burauza zai rufe p ɗin da kansa kafin ya buɗe div, ko da ka mayar da div ɗin inline, sai ka ga salon da ka tsara ya watse. Amma tun HTML5, wanda W3C, hukumar ƙa'idojin yanar gizo, ta tabbatar a 2014, an yarda alamar mahaɗi, wato a, ta naɗe div sukutum, muddin babu wani mahaɗi ko maɓalli a cikinsa.