Kocin da Ya Yi Shekara 60 a Saint John's: Amsar Kawu

Assalamu alaikum ɗana. Ina fatan kana lafiya, ya karatu, ya kuma sanyin Minnesota? Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce kada ka riƙa fita ba hula.

Saƙonka ya iso. Ka ce abokai sun kai ka kallon ƙwallon Amurka a Jami'ar Saint John's da ke Collegeville, ka ji tsofaffin ɗalibai suna ta "John ya ce, John ya yi", sai daga baya ka gane tsohon kocinsu John Gagliardi suke nufi, mutumin da ya yi jika da wasunsu. Kana tambaya ko wannan ba fitsara ba ce, kuma wace irin al'ada ce za a bar mutum ɗaya a kujera shekara 60. Da yake na zauna a jihar nan tun kafin a haife ka, bari in ba ka yadda abin yake.

Da farko ka san irin makarantar. Limaman Katolika 'yan ɗariƙar Benedict ne suka kafa ta a 1857, ta maza ce zalla, kuma ƙungiyarta tana buga wasa a rukuni na uku na gasar kwalejoji, inda doka ta hana a ba yaro tallafin karatu don ya iya ƙwallo. Duk wanda ka gani a filin nan don sha'awa yake yi, gobe da safe yana aji. A manyan jami'o'i, inda kuɗin talabijin ke yawo, koci ya sha kashi shekara biyu a jere sai ya fara haɗa kayansa. A nan babu wannan wutar a ƙeya. Idan limaman suka yarda da halin mutum, sai su bar shi ya tsufa tare da su, don su ma haka rayuwarsu take: wanda ya shiga ɗariƙar yakan yi alkawarin zama wuri ɗaya har mutuwa.

Kafin John ɗin naku, wanda ya fi daɗewa a wurin shi ne Joe Benda, a shekarun 1930 da 1940. Bayansa Johnny "Blood" McNally ya riƙe daga 1950 zuwa 1952. Shi wannan shahararren ɗan wasa ne a ƙungiyar ƙwararru ta Green Bay Packers, amma iya wasa daban, iya koyarwa daban. Ana ba da labarin cewa da zai tafi sai da ya gaya wa magajinsa ba wanda zai iya cin wasa a Saint John's.

Magajin shi ne John Gagliardi. An haife shi a 1926 a garin Trinidad na jihar Colorado, kuma amsar tambayarka tana cikin yadda ya fara aikin. A 1943, yana ɗan shekara 16, aka ɗauki kocin sakandarensu zuwa yaƙin duniya na biyu. Maimakon ƙungiya ta watse, sai shi da yake kyaftin ya karɓi ragama. To ka ga, sa'o'insa yake horarwa, waɗanda suke aji ɗaya. Wa zai ce masa ranka ya daɗe? John suke ce masa, bai kuma ga dalilin sauyawa ba har ya tsufa. Duk abin da ya tsana lokacin yana ɗan wasa sai ya zubar da shi, har da hana yara shan ruwa a tsakiyar atisaye, wanda a zamanin ake ɗauka jarumta ce.

Ya yi shekara huɗu a kwalejin Carroll ta jihar Montana, ya zo Collegeville a 1953, bai sauka ba sai ƙarshen kakar 2012. Dokokinsa kusan duk na hani ne. Ba busa usur, ba tsawa, ba kayar da juna a atisaye, don a cewarsa me zai sa ka jikkata naka kafin wasan ranar Asabar. Atisayen ba ya wuce awa ɗaya da rabi. Duk ɗan ajin ƙarshe kyaftin ne. Ba a korar yaro don bai iya ba, shi ya sa ka ga 'yan wasa sun cika gefen fili maƙil, wasu ma lambar rigarsu ɗaya. Masu horarwa da yawa sun yi masa kallon mai wasa da aiki, ni kuwa ina ganin ya fi su sanin yara.

Sakamako ne ya rufe bakin kowa. Kofin ƙasa huɗu: 1963, 1965, 1976 da 2003. A 2003 ɗin ya ci wasansa na 409, ya wuce koci Eddie Robinson na Jami'ar Grambling mai 408, sannan a wasan ƙarshe suka doke ƙungiyar kwalejin Mount Union 24 da 6, ƙungiyar da ta ci wasa 55 a jere. Ya ajiye aiki da nasara 489, ba kocin kwaleji da ya kai haka. Tun 1993 kyautar gwarzon ɗan wasan rukunin da sunansa ake ba da ita. Ya rasu a 2018 yana da shekara 91.

Da zai sauka ma ba su je nesa ba. Gary Fasching suka ɗora tun daga kakar 2013, wanda ya yi wasa a hannunsa, ya kuma daɗe yana mataimakinsa. Gado dai ya tsaya a cikin gida.

Saboda haka waɗannan dattawan ba raina shi suke yi ba. Shi ya nemi a kira shi haka, cika masa burinsa suke yi, kuma ka lura sun baro garuruwansu sun zo sun zauna cikin sanyin nan saboda shi. Amma kada ka ɗauka kowane malami a can haka yake. Ka fara da Farfesa ko Dakta, sai wanda ya ce ka kira sunansa, shi ma ba laifi ka ɗan jinkirta. Idan kuma ka dawo hutu ka kama sunan Baffanka gatsau, ni ba zan shiga tsakaninku ba.

Ka gaida abokan naka. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka.