Amalanken Yuta da mai zanen da ya ja shi da hannunsa

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗin jin kana lafiya a Provo, can jihar Yuta ta Amurka. Ka ce ranar 24 ga Yuli ka ga samari da 'yan mata sanye da tufafin da, suna jan amalanke da hannu, kana tambaya ko wasa ne ko ibada. Tunawa ce suke yi. A ranar ce ta 1847 Brigham Young ya shiga kwarin Salt Lake da mabiya ɗarikar Mormon, bayan an kashe shugabansu Joseph Smith a kurkukun Carthage a 1844, an kuma kore su daga garinsu Nauvoo, duk a jihar Illinois. Waɗanda suka biyo baya daga Turai da yawansu talakawa ne, ba kuɗin sayen shanu, sai suka ɗora kayansu a amalanke suka ja da ƙafa. A 1856 kaɗai, sanyi da yunwa sun kashe sama da mutum 200 daga ayari biyu da ƙanƙara ta rutsa da su a hanya.

Amma in kana son gane yadda wannan tunawa ta zauna a zukatansu, nemi sunan C.C.A. Christensen. An haife shi a Kopenhagen, ƙasar Danmak, a 1831, ya koyi zane a can, ya shiga ɗarikar a 1850. A 1857 ya auri Elise Scheel, 'yar Norway, su biyun suka ja amalankensu mil sama da 1,000 har Yuta. Wannan ne ya sa nake ganin girmansa: wahalar da ya zana, ƙafarsa ta taka ta.

Ya zauna a garin Ephraim na Yuta yana noma, yana fentin gidaje, yana rubuta waƙoƙin coci da harshen Danmak. Sai a 1878 ya fara babban aikinsa. Ya lura waɗanda suka ga wahalar farkon ɗarikar da idonsu suna ta mutuwa, yara kuma ba su san komai ba. Ya zana hotuna 23, kowanne ya fi mutum tsayi, faɗinsa ƙafa 10, ya ɗinke su wuri guda ya naɗe kamar tabarma. Da damuna ta wuce, aikin gona ya lafa, sai ya loda a keken doki ya bi ƙauyuka. A tara jama'a, a riƙa warwarewa hoto bayan hoto, shi kuma yana tsaye yana ba da labari. Yakan tambayi tsofaffin da suka shaida abin, ya gyara bisa abin da suka faɗa.

Masana zane sukan ce hannunsa bai goge ba, mutanensa kamar a sandare. Ni wannan bai dame ni ba, don shaida ya je bayarwa, kuma ya bayar. Ya rasu a 1912, aikin ya yi shekaru a naɗe, sai a 1970 aka baje shi a gidan tarihi na Whitney a New York.

Aƙidarsu daban, tamu daban, ka riƙe taka. Amma maƙwabtanka ne yanzu, kada ka yi wa bikinsu dariya. Hotuna 22 sun tsira, suna gidan adana zane na Jami'ar Brigham Young, nan garin da kake. Ka je ka nemi wanda suke ƙetare kogin Mississippi a kan ƙanƙara a 1846, ka tsaya ka dube shi da kyau, ka rubuto mini abin da ka gani. Mahaifiyarka tana gaishe ka.