Injin yankan ciyawa yana mutuwa a tsakiyar aiki: in bari a cire makunnin ƙarƙashin kujera?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne mai kula da filin ƙwallo da lambun wata makaranta mai zaman kanta a Kaduna. Muna da injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa, na hannu ne da aka shigo da shi daga Amurka, faɗin yankansa inci 42. Tun watan Nuwamba yake ajiye a sito. Da damina ta sauka na fito da shi, na caja batir ya tashi, amma yanzu abu biyu yake yi min. Wani lokaci ina saka wuƙa, ko ina taka wuri mai gargada, sai ya ɗauke ɗif kamar an kashe makulli. Wani lokaci kuma sai ya yi minti 15 zuwa 20 lafiya lau, sannan ya fara tari yana rage ƙarfi har ya mutu. Mai gyara mana janareto ya ce makunnin ƙarƙashin kujera ne, wai tsirfar Turawa ce, a cire a haɗa wayar kai tsaye kowa ya huta. Saura mako biyu gasar wasannin makaranta, ciyawa ta kusa gwiwa, an ce in ban gyara fili ba za a nemi wani. Ina da iyali. In bar shi ya cire?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, mako biyu ya ishe ka har da saura. Amma kada ka bari a taɓa makunnin nan da sunan cirewa. Zan dawo kansa.

Yadda ka bayyana, ciwo biyu ne a jikin injin, mai gyaranku ya haɗe su ya ba su suna ɗaya. Injin da ke tari yana jan numfashi kafin ya mutu, mai ne ba ya isar masa. Wanda kuwa ya ɗauke ɗif, wuta aka yanke masa.

Fara da na mai, don shi ne mai sauƙi. Fetur ba ya son zama. Bayan wata ɗaya ya fara lalacewa, balle wanda ya kwana a tanki tun Nuwamba ya sha zafin Maris da Afrilu. Abin da ya rage yakan zama danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireto. Zubar da tsohon man gaba ɗaya, canza matatar mai da ke kan tiyo, a kwance kofin kafireto a wanke, a busa ramukan da iska. Ban da tsokana da allura ko waya mai kauri, ramin yana faɗaɗa ka gama ɓata shi. Sai ka zuba sabon fetur daga gidan mai, ka rabu da na jarkar bakin titi. Ga wani gwaji da ba ya cin ko sisi: da zarar ya fara tarin nan, sassauta murfin tanki. In ka ji iska ta shiga, injin ya farfaɗo, to ƙaramin ramin shan iska da ke jikin murfin ne ya toshe, mai ba ya iya sauka. Na ga an kashe kuɗi an sayi sabon kafireto a kan matsalar da murfi ne kawai.

In ka yi duk wannan ya ci gaba da mutuwa bayan ya yi zafi, kuma ba ya tashi sai ya huce, gwada filogi a daidai lokacin da ya mutu. In babu tartsatsi, kwayil ne, wato abin da ke ba filogi wuta, ya gaji. Kafin ka zarge shi, buɗe murfin saman injin ka duba. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, ɓeraye kuma suna son yin sheƙa a wurin da rani, zanzaro ma yana gini tsakanin haƙarƙarin silinda. Ka kuma duba matatar iska, ƙurar hunturun Kaduna ba ta barin komai. Canza baƙin mai, SAE 30 ya dace da zafinmu, daga nan kuma duk bayan awa 50 na aiki. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 a mita in injin na kashe.

To, makunnin kujera. Babu makon da zai wuce ban ji wannan magana ba, "a haɗa kai tsaye". Masu faɗinta ba su san abin da ke juyawa a ƙarƙashin ƙafarka ba. Injin inci 42 wuƙa biyu gare shi, kowace kimanin inci 21, kowace tana juyawa wajen sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ƙa'idar masu ƙera su a Amurka ta ce gudun bakin wuƙar kada ya wuce ƙafa 19,000 a minti, wato kusan kilomita 350 a awa, kuma yawancin injinan ba su yi nisa da wannan iyaka ba. Ƙarfe mai kauri a wannan gudun ba yanka yake yi ba, murƙushewa yake, ya cusa ƙasa da ciyawa cikin raunin, abin da ke sa likita ya rasa abin da zai ɗinke.

Aikin makunnin guda ɗaya ne. In nauyinka ya bar kujera alhali wuƙa na aiki, ko birki ba a kulle ba, sai ya kashe wutar filogi, wuƙaƙen su tsaya cikin daƙiƙa biyar ko ƙasa da haka. Shi ke nan. Ba ya rage ƙarfin inji, ba ya ƙara shan mai, ba ya cinye batir, duk da ana yaɗa waɗannan maganganu a gareji. Kuma kowane kamfani yana saka shi, John Deere ne, Husqvarna ne, Cub Cadet ne, don an daɗe da gano yadda injin nan ke cin mutane.

Ka yi tunanin aikinka na kullum. Ciyawar damina jiƙaƙƙiya ce, takan cushe bakin da take fita. Me mutum ke yi? Ya sauko ya sa hannu ya zaro. In makunnin na nan, kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa injin ya mutu. In an cire, wuƙar na nan tana juyi, ƙarar injin ta rufe ƙararta, ba ka ganinta. Ko ka hango dutse ko ƙwallo a gabanka ka diro don ka ɗauke, ka manta giya na ciki. Ko tayar baya ta faɗa kwalbati a gefen fili, injin ya wurgar da kai. Abu mai nauyin kusan kilo 200 zai ci gaba da tafiya babu kowa a kansa, da wuƙa biyu suna juyawa, a cikin makaranta. Ka ce min yara nawa ne ke wucewa ta filin nan lokacin tara.

Na taɓa duba wani injin a wani otal a Abuja bayan abin ya riga ya faru. Na ɗaga kujera na tarar an naɗe wayoyin da baƙin salatif. Mai lambun ya shekara uku yana aiki da shi a haka lafiya. Ranar da abin ya zo, igiyar leda ce ta naɗe, ya sunkuya ya cire, yatsu uku suka tafi. Wanda ya yi masa haɗin yana shagonsa yana cin kasuwa, wataƙila ma bai ji labari ba. Shekara ukun nan ita ce ke yaudarar mutane, suna cewa ai mun daɗe a haka ba abin da ya faru. Ba don kullum aka saka makunnin ba, don rana ɗaya tak aka saka shi, kuma ba wanda ya san ranar.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne kalmar "tsirfar Turawa". Yatsan Bature da na Bahaushe duk nama da ƙashi ne. Wani kuma ya ce maka ai abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Wanda ya tsinke igiyar da hannunsa ba tawakkali ya yi ba, sakaci ya yi. Kuma wannan ba ranka kaɗai ba ne. 'Ya'yan mutane amana ne a hannun makarantar, kai ma kana cikin masu riƙon amanar. Bakaniken da ya cire abin kariya don ya gama da wuri ya karɓi kuɗinsa, in hannun wani ya tafi, yana da kaso a alhakin, ko ya sani ko bai sani ba. Gyaran janareto sana'a ce mai daraja, amma janareto ba ya tafiya kuma ba shi da wuƙa. Mutum ya ce "wannan ban san shi ba" ba abin kunya ba ne.

Ban ce makunnin ba ya lalacewa ba. Yana lalacewa, kuma alamar da ka ba ni ta ɗaukewa a gargada ta yi kama da shi ƙwarai. Abin da ya lalace gyara shi ake yi. Kashe injin, zare makulli, ɗaga kujera. Duba ko soket ɗin ya yi sako-sako ko ya yi tsatsa. Bi wayar da hannu har inda ta shige, domin wurin da kujera ke lanƙwasawa ne ta fi gogewa, ɓera ma yana cin robarta; wayar kashe wuta in ta taɓa ƙarfen jiki, injin zai mutu nan take ko da makunnin lafiyarsa ƙalau. Danna makunnin da yatsa ka ji ko yana shiga yana dawowa. Sa mita a kansa, karatun ya riƙa canzawa duk lokacin da ka danna ka saki. In yana rawa ko bai canza ba, ya mutu. Sau da yawa ma soson kujerar ne ya lotsa, ko sifirin ya saki, nauyinka ba ya kaiwa kan makunnin sosai, musamman in kai ba mai jiki ba ne. Matso da kujerar gaba yadda za ka zauna daram, ka rage gudu a wurin gargada. Akwai irin wannan makunnin a jikin birki da kuma jikin hannun saka wuƙa, su ma a gwada su haka. In sabo ake bukata, ɗauki tsohon da lambar injin da ke manne ƙarƙashin kujera ka kai wa masu sayar da kayan injinan noma, don makunni mai ƙafa biyu a wurin shiga soket da mai ƙafa huɗu ba sa maye gurbin juna.

Na san inda gizo ke saƙar. Za ka je ofishin kuɗi a ce rubuto takarda, a ce kawo farashi daga wuri uku, a ce mai sa hannu ya yi tafiya, duk a kan abin da bai kai kuɗin cika tankin motar makarantar ba. Wannan jan ƙafar ita ke tura ma'aikata hannun masu salatif. Rubuta takardar yau, ka faɗa a fili cewa abin kariya ne ya lalace kuma ba za ka hau injin a cikin ɗalibai ba sai an canza, ka riƙe kwafi.

Ranar da ka koma fili, kada ka auka wa ciyawa mai kai gwiwa a tashi ɗaya, za ta shaƙe injin ta ƙona bel. Zagaya da ƙafa tukuna ka tsince duwatsu da waya. Ɗaga wuƙa zuwa matakin ƙarshe, totur a sama, giya a ƙasa, ka jira raɓa ta bushe. Bayan kwana biyu ko uku ka sauke mataki ka sake bi. Kada ka yi baya da wuƙa na aiki, kada ka ɗauki yaro ko da yana kuka, kada ka ba wanda bai kai shekara 16 ba, kada ka hau gangaren da ya wuce digiri 15. Duk lokacin da za ka sa hannu ƙarƙashi, zare makulli ka cire wayar filogi. Bayan an gyara kuma ka gwada: kulle birki, saka wuƙa, ɗaga jikinka kaɗan daga kujera. In injin bai mutu ba, aikin bai ƙare ba, kada ka biya.