Amsa kan 'yan asalin Bolibiya da dutsen Potosi

Malam, ka tambaya ko adalci ne a ci gaba da ɗora wa Turawan Sifaniya alhakin talaucin 'yan asalin Kudancin Amurka, alhali sun tafi shekara ɗari biyu. Ni Bolibiya na sani, don aikin lafiyar masu haƙar ma'adinai ya taɓa kai ni Potosi, a kanta zan tsaya.

Garin yana gindin dutsen Cerro Rico, inda aka gano azurfa a 1545. A shekarun 1570 wakilin sarkin Sifaniya, Francisco de Toledo, ya tsara aikin dole da ake kira mita. Duk shekara sai a kwaso maza wajen 13,000 daga ƙauyukan ƙabilun Kecuwa da Aimara, ɗaya cikin kowane bakwai, wasu daga tafiyar makonni, a zuba su rami. Da zaiba ake tace azurfar, gubarta kuma ta ci mutane ba adadi.

Inda lissafinka ya karkace shi ne 1825, shekarar da Bolibiya ta samu 'yancin kai. 'Yancin nan hannun jikokin Turawan ya faɗa. Ɗan asalin ƙasa ya ci gaba da biyan harajinsa na dabam, yana yi wa mai gandu bauta kyauta, shi da matarsa. Yawancinsu ba su ga ƙuri'a ba sai juyin juya halin 1952, rabon gonaki kuma 1953. Shugaba daga cikinsu sai 2006, Evo Morales. Akwai tsofaffi da ransu yau waɗanda a cikin wannan bautar aka haife su.

Har yanzu ana haƙar dutsen, kuza da sauran ma'adinai ake nema. Na shiga ramin. A sunkuye ake tafiya, kowa kumatunsa ya kumbura da ganyen koka don kashe yunwa da gajiya, hirarsu da Kecuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne magidanci bai wuce arba'in ba, yana tsayawa ya huta kafin ya ƙarasa magana, ƙurar dutse ta cinye huhunsa. Ɗansa kuwa ya riga ya fara shiga ramin.

Shugabannin yau ma da laifinsu, ban wanke su ba. Amma masaniyar tattalin arziki Melissa Dell ta yi bincike a Peru a 2010, ta kwatanta gundumomin da mita ta shafa da maƙwabtansu da ba ta shafa ba. Ta tarar na cikin mita sun fi talauci, yaransu kuma sun fi tsumburewa.