Amsa ga baduku ɗan Zariya mai shirin zuwa karatu Ingila

Ƙanenmu, ka ce kana ɗinka jaka da alabe da tim-tim, kana so ka san nawa za ka riƙa sayar da su idan ka iso.

Kafin maganar kuɗi, ka sani bizar ɗalibi ba ta yarda mutum ya yi sana'ar kansa ba, ko da ta intanet ce. Aikin albashi kawai aka yarje wa ɗan digiri, awa 20 a mako lokacin karatu. Sai ka gama ka koma bizar Graduate, ta waɗanda suka kammala karatu, sannan ka buɗe ciniki.

Farashi kuwa, kada ka ɗauki na kasuwar Sabon Gari ka mayar fam. Fara da fata, ka lissafa kuɗinta dukanta, har gefen ciki da ƙafafu da ake zubarwa. Ƙara zare, zif, shafi, gam da rini. Sai ladan hannunka: duba agogo tun daga yanka har goge baki, don nan dukawa suka fi cutar kansu, su ɗauka aikinsu kyauta ne. Sai kuɗin aikowa daga gida, kwali, da harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari. A Etsy, kasuwar intanet ta kayan aikin hannu, ana cire kashi 6.5 na kowane ciniki, har da kuɗin aikawa, ban da ladan karɓar kuɗi.

A ce duka ya tashi fam 20. Ninka shi, 40 kuɗin sari ke nan. Mai kanti yakan sake ninkawa zuwa 80, kai ma kusa da haka za ka sayar da ɗai-ɗai, in ba haka ba ka karya masa kasuwa ya daina saye. Nan Ingila ba a taya kaya, abin da ka rubuta shi za a biya.

Asara ta fi zuwa ta kayan da aka dawo da su. Fatar da ba ta jemu ba wari take da ta sha danshin ƙasar nan, har ta yi fumfuna. Jan rinin karan dafi kan zuba a farar riga. Goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai tun a gida ka gani. In kana shakkar jima, cibiyar binciken fata ta NILEST na nan Samaru, ka nemi shawararsu.

Fatar mesa, kada ko damo kuwa, in babu takardar CITES, wato izinin cinikin namun dajin da ake karewa, kwastan za su ƙwace. Tsaya kan jar akuyar Sakkwato jimar bagaruwa, ka kuma rubuta haka a jikin kayan, don masu saye na ƙara kuɗi a kan jimar itatuwa.