Kada ka kai bargon nan kusa da ruwa

Ɗana, na ga saƙonka tun da hantsi, na ƙi amsawa sai da na yi la'asar, don da a lokacin na amsa da faɗa zan fara. Ka ce wata dattijuwa ta kawo shago bargon kakar mahaifiyarta, irin na haɗe-haɗen ƙyallaye, baƙaƙen ƙyallayen siliki suna zuba kamar gari, ga warin ajiya. Kana tambaya ko ka wanke shi tukuna, sannan ka ɓalle waɗanda suka mutu ka sa sababbi. Shekara uku kana zaune a gefena, wannan tambayar ce za ta fito daga bakinka? Ba za ka wanke ba, ba za ka cire ko zare ɗaya ba. Kafin ma ka warware shi akwai abin da za ka yi, wanda rashin yinsa ya taɓa cinye mini wata biyar.

Ka ma san abin da ke hannunka? A garin nan da muke zaune, Filadelfiya, aka yi babban baje koli a 1876, na cikar Amurka shekara 100. Japanawa suka kawo tangaran da kayan ado masu zanen da damansa bai yi daidai da hagunsa ba, matan Amurka suka gani, abin ya shiga ransu. Daga nan yayin wannan bargo ya kama kamar wutar daji, ya kai ƙololuwa a shekarun 1880, wajen 1910 ya lafa. Kirezi suke ce masa, kalmar da a harshensu take nufin hauka, take kuma nufin tsagewar nan da fuskar tsohon tangaran ke yi. Ba don sanyi aka yi shi ba, shi ya sa yawancinsu babu auduga a ciki. A falo ake shimfiɗa shi kan kujera, baƙi su gani su san matar gidan tana da hannu kuma tana da lokaci. Akoko take sawa a ƙasa, ta jera masa siliki da satin da karan-miski, kowane da irin yankansa, sannan ta bi kowace gaɓa da ɗinkin ado, wani kamar gashin tsuntsu, wani kamar ƙashin kifi. Ni da na tashi a Zariya ina zuba aska takwas a babbar riga tun ban kai shekara goma sha biyu ba, ranar da na fara ganin na ƙwarai sai da na yi shiru na sara wa matan nan.

Zubar da ka ga silikin yana yi ba asu ba ne, ba ɓera ba ne, ha'incin 'yan kasuwa ne. In an dafa siliki don a cire danƙonsa, kamar yadda ake dafa tsamiya da toka a gida, yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Su kuwa da awo suke sayarwa. Sai masu masaƙa suka riƙa jiƙa shi a ruwan gishirin kuza, kuzar nan irin ta Jos, baƙin kuma a na ƙarfe, har ya mayar da nauyinsa ya ma zarce. Yana sabo sai sheƙi da ƙara in mace tana tafiya. Yau kuwa gishirin ya cinye zaren daga ciki, ka taɓa ya tsage a miƙe kamar an bi shi da reza. Sai a 1938 hukumar ciniki ta Amurka ta hana a kira irin wannan tsantsar siliki, bayan aikin gama ya riga ya gama. Ba shi da magani. Duk wanda ya ce maka yana da ruwan da ke farfaɗo da shi, maƙaryaci ne.

To, saurari abin da ya sa raina ya ɓaci da safe.

Ban daɗe da buɗe shago ba, wani mutum ya shigo da kwat da takalmi mai tsada, ɗauke da baƙar ledar shara. Ya zazzage ta a kan teburina, sai ga bargo wanda har yau ban ga kamarsa ba. Bakinsa jan karan-miski ne, faɗin tafin hannu. A kusurwa ɗaya an saƙa yanar gizo-gizo da zare ruwan toka, wadda su a wajensu alamar sa'a ce. Ga mafici, ga mujiya, ga ribon na yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa da Kilibilan ya yi a 1884, ga haruffa biyu da 1887 a ƙarƙashinsu. Can wajen tsakiya kuma an ɗora hannun ƙaramin yaro a kan shuɗin satin, an zagaye shi da jan zare, yatsu biyar, ɗan ƙaramin ya ɗan karkace. Mutumin ya ce na kakarsa ne, mahaifiyarsa ta rasu watan jiya, yana so ya ba 'yarsa ranar aurenta. Yana faɗa yana share ido da hankici.

A shekarar nan na rasa tawa mahaifiyar, ban samu zuwa jana'iza ba. Ko ya karanta wannan a fuskata, Allah masani. Na yanke masa rabin abin da aikin ya cancanta, na karɓi ɗan kafin alƙalami da ko kuɗin rini da ragar da ake rufe mataccen siliki da ita bai kai ba. Ban ɗauki hoto ba, ban rubuta takarda ba. Muka yi musabaha kamar muna Tudun Wada, inda bakin mutum shi ne rasit ɗinsa.

Ƙyalle sittin da uku na ƙirga da suka mutu. Kowanne sai na rina masa raga daidai launinsa, in shanya, in gwada da hasken taga, in sake. Wata biyar ina sunkuye. Lokacin babbar salla ya zo, mutanenmu na Niyok suna kawo riguna, na mayar da su, wasu har yau ba su dawo ba. A kan bargon nan na fara sa tabarau.

Ranar karɓa ya zo da wata mata, wai masaniya ce. Ba su dubi sauran aikin ba, kai tsaye suka nufi wani baƙin ƙyalle mai zanen fure da fenti, wanda tun ranar da ya fito daga leda rabinsa gari ne. Ya ɗora yatsa ya ce lafiya lau ya kawo shi, ni na kashe shi. Na ce ka ji tsoron Allah. Ya ce ina shaidata? Ya ambaci lauya, ya ambaci kotu, ya ce ma ni zan biya shi diyyar gadon gidansu. Lokacin takardun zamana sababbi ne, jin kalmar kotu kawai sai gabana ya faɗi. Na naɗe masa bargon da hannuna cikin farin zane na kaina, ya saɓa ya fita, ko sisin ciko bai ba ni ba.

Da a nan ta tsaya da na haƙura. Bayan kamar wata takwas na je wata kasuwar tsofaffin kaya a wajen gari neman tsohon zare, ina shan kwana sai ga hannun yaron nan yana kallona daga bango. An rataye bargon da ƙusa, an haska masa fitila mai zafi, an liƙa kuɗin da ya ninka ladana sau da yawa, an rubuta wai ƙwararrun gidan tarihi ne suka gyara shi. Na tambayi mai rumfar, ya ce daga wani dillali ya saya, mai bin gidajen da aka yi rasuwa yana kwashe kaya a gwanjo. Ya kwatanta mini shi har takalmin. Babu kaka, babu 'ya, babu aure. Na matsa kusa, na ga nauyin bargon ya riga ya buɗe sababbin tsaga uku a sama, inda na bar shi garau. Kuɗin na iya mantawa. Amma mace ta zauna da fitilar kananzir ta zagaye hannun ɗanta da zare, ni na ba da idona don hannun ya ƙara shekaru, wani ya zo ya yi kukan ƙarya a kai ya rataye shi da ƙusa. Wannan ban yafe ba.

Saboda haka ga abin da za ka yi, kuma a gaban matar. Wayar nan da ba ta barin hannunka ko a kan tabarmar cin abinci, yau ta yi amfani. Ka ɗauki hoton kowane yanki, gaba da baya, da ma'auni a gefe. Ka zana taswirar bargon a takarda, ka ba kowane mataccen ƙyalle lamba. Ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa silikin zai ci gaba da mutuwa ko an gyara, mu jinkirta shi kawai muke yi. Ta karanta ta sa hannu, ta ba da rabin kuɗi. Ko ta yi kuka, ka ba ta ruwa ta sha, ka miƙa mata biro. Mai gaskiya ba ya jin haushin takarda.

Wanki kuwa, ka cire shi daga ranka. Rinin zamanin nan da ya ji ruwa sai ja ya bi fari, fenti ya tashi, karan-miski ya kwanta, silikin ya narke maka a hannu. Masu wankin inji na bakin titi sun fi ruwan ma ɓarna, don jujjuya shi za su yi. Wari iska ke fitar da shi: shimfiɗa shi kan farin zane a ɗakin baya, inda rana ba ta shiga, kwana biyu ko uku. Ƙura kuma ka ɗora ragar taga a kai, ka bi da na'urar zuƙa a mafi ƙarancin ƙarfinta, inda ya riga ya zuba kuwa ka tsallake. Dutsen guga kada ya shigo ɗakin. Yadin nan mai gam da kuke gani a bidiyo ana mannawa da guga, in na same shi a shagona sai mun ɓata. Ku yaran yanzu kuna son aikin wata biyar ya ƙare kafin cajin waya ya ƙare, wanda ya yi minti uku yana surutu a intanet kun ɗauke shi malami, wanda ya yi shekara arba'in da allura kuma sai kun ga dama ku tambaye shi.

Cire tsoho a sa sabo kuwa, wa ya ba ka izini? Wannan baƙin da kake raina wa wataƙila daga rigar takabar wata ya fito, farin kuma daga rigar aure. Ka sa yadin bana a wurin, ka mayar da gadon mutane kayan kanti. Rufe shi za ka yi da raga mai laushi ko silikin nan shara-shara, launi ya bi launi, allura ta shiga ta gaɓa, ƙarƙashin ɗinkin ado, ta kama akokon ƙasa. Ba ta huda silikin kansa ko sau ɗaya. Yadda ake yanka ragar da lanƙwasa bakinta ba sai na faɗa ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sa maɓalli.

In ta zo ɗauka ka gaya mata kada ta rataye shi, kada ta sa a leda, kada ya taɓa katakon akwati kai tsaye, ɗakin ƙarƙashin ƙasa da na saman rufi duk ba wurinsa ba ne. Ta naɗe shi cikin wankakken farin zane, da takarda marar asid a kowane ninki, ta riƙa sauya ninkin lokaci-lokaci. Ka kuma zaunar da ita ta faɗi sunan wadda ta ɗinka da garinsu da duk ƙyallen da ta san labarinsa, ka rubuta, a ajiye tare da bargon.

Kira ta yanzu ka ce ta dawo ranar Asabar da ƙarfe goma. Kada ka yanke mata kuɗi, ni zan yanke. Bargon kuma ka bar shi yadda ta kawo shi, a kan babban tebur, ka rufe da zane, ka kashe fitilar wajen, har sai na iso.