Jiniyar mota da bugun zuciyar ɗan tayi

Tambaya: Likita, in motar asibiti ta taho sai in ji jiniyarta siririya, da ta wuce sai muryar ta yi kauri. Kunnena ne?

Amsa: Kunnenka lafiya lau, Malam. Mota mai tahowa tana matse igiyoyin sauti a gabanta, su iso maka kusa da juna. Da ta ba ka baya sai su miƙe. Christian Doppler, masani ɗan Ostiriya, ya bayyana haka tun 1842.

Tambaya: Ƙafata ɗaya ta kumbura, an rubuta min hoton Dofla. Yana ƙona jiki?

Amsa: A'a, Malama, hoton Dofla (sunan Doppler ɗin can ne) sauti ne kawai ake aikawa cikin ƙafar. Jini mai gudu yana dawo da shi da sauyin murya, kamar jiniyar can, sai a gane inda ya toshe. Ki je yau. Kuma don Allah kada a yi wa ƙafar tausa! Gudan jini kan ɓalle ya tafi huhu.

Tambaya: Cikina wata takwas. Tun jiya motsi ya ragu, amma na ɗora na'urar jin bugun zuciya da na saya, na ji bugu. In jira ranar awo?

Amsa: Kada ki jira, 'yar'uwa. Ajiye wayar nan ki tafi asibiti.

Na'urar ba ta san zuciyar wa take ji ba. Sauti take aikawa cikin jiki, duk abin da ke motsi ya dawo mata da shi: jijiyarki, jinin mabiyiya, cibiya. Zuciyar ɗan tayi tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti, kuma mace mai fargaba ko zazzaɓi nata bugun kan haura 100. Yaya za ki bambance? Ungozoma ma sai ta riƙe hannun uwa tana ƙirgawa kafin ta tabbatar.

A ce ma nasa kika ji. Yaron da ya galabaita zuciyarsa tana ci gaba da bugawa. Motsi ne ke fara raguwa, kuma wannan ne lokacin da za a iya ceto shi. Abin da ke ɓata min rai da na'urorin nan ke nan, suna kwantar da hankali ranar da ya kamata ya tashi. Haka masu cewa ki sha ruwan sanyi ki kwanta zai farka, ko wai wuri ne ya yi masa kaɗan. Ɗa mai lafiya yana motsi har ranar naƙuda.

Ko tsakar dare ne ki tafi, kuma kina shiga ki ce musu motsi ya ragu tun jiya.